Kazar da Ta Daina Ƙwai

Kakata ba ta zuwa Kaduna sai an gama girbi. Haka muka saba tun ina ƙarama: da an zuba dawa a rumbu, sai mu ga ta sauko daga motar ƙauye da buhun acca a ka, da ƙullin citta, da kaza guda mai ɗaurarrun ƙafafu wadda ba ta wuce Kirsimeti. Kakar nan uwar babanmu ce. Gidan haya muke zaune a Kakuri, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida, kuma kusan duk mazan gidan a masaƙa suke aiki. In jiniya ta yi kuka masu aikin yamma suka fice, gida ya zama na mata da yara. A lokacin ne, bayan an ci tuwo, Kaka take jawo 'yar kujerarta zuwa bakin murhu, mu kuma mu kewaye ta.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake koya mana a makaranta. Cewa take, "Na kawo baki, wa ya kawo kunne?" Mu ce mun kawo. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci. In kalma ta ɓace mata sai ta cike da yarenmu, ko ta tashi ta kwaikwayi abin da jikinta. Na taɓa ganin ta yi tafiyar kunkuru har zanenta ya kusa kwancewa. Mama kuwa 'yar Filato ce, yarensu daban, Hausa ce ta haɗa su. Ba zan ce suna ƙaunar juna ba. Suna dai girmama juna, kowacce tana taka-tsantsan da 'yar'uwarta. Ranar da Kaka take cikin daɗin rai takan kira Mama "matarmu". Sauran ranaku, "ke".

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, Kaka ta zo da damina tsaka, ana cikin noma, ba acca ba kaza. Ko yaro ya san manomiya ba ta barin gonar citta a irin wannan lokaci don ta zo gaisuwa. Ni kuwa na san abin da ya kawo ta, domin a bakin famfo na ji, kuma a gidan haya babu maganar da ba ta biyowa ta bakin famfo.

Babanmu makaniki ne, kamfaninsu ya tura shi Fatakwal, ya fi shekara bai zo gida ba. Wannan kowa ya sani. Abu na biyu da kowace mace a gidan ta sani shi ne igiyar bayan banɗaki. A zamanin nan matan unguwarmu ba sa sayen audugar kanti. Ƙyallen atamfa ake yankawa a yi ƙunzugu da shi lokacin al'ada, a wanke, a shanya a wata igiya da ke lungu inda maza ba sa bi. Kowace mace da kalar ƙyallenta da gefen da take shanyawa. Ba wanda ya taɓa cewa a riƙa dubawa, amma kowa yana dubawa. Da igiyar nan ake sanin amarya ta samu ciki tun kafin ta gaya wa mijinta. Ni a da na ɗauka tsummokaran goge daɓe ne, har na taɓa ɗauko ɗaya zan share keken ɗinkin Mama, na sha ranƙwashin da har yau ban manta ba.

To, gefen Mama ya yi watanni babu komai. Ga ƙugunta yana ta ƙara faɗi, ga gumi yana keto mata ko ana ruwan sama, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Anti Ladi, matar da ɗakinta ke kallon namu, ita ta fara haɗa lissafi. Wata ta ce ko dai girma ne ya zo, abin ya ɗauke? Anti Ladi ta yi tsaki. "Wane girma? Mama Zumunta ta ba ta shekaru nawa, amma duk wata ga nata nan a igiya. Sai ita 'yar jiya ce za ta riga ta?" Wannan hujja ita ta rufe bakin kowa. Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu, a gidan take, ɗaki biyu mijinta ya kama. Doguwa ce mai jiki, gashinta baƙi wuluk, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙarya. Tunda ita da ta haura hamsin ba ta daina ba, to Mama ciki ne da ita, mijinta kuwa yana Fatakwal.

Daga nan abubuwa suka fara canjawa a hankali. Mama tela ce, a baranda take ɗinki. Mata suka daina kawo aiki. Uwar Zumunta ta aiko aka karɓe atamfar ankon zumunta da aka ba Mama ta ɗinka, wai an fasa salon. Wani dattijon ikilisiya ya zo ya tsaya a ƙofa, aka ba shi kujera ya ƙi zama, ya ce dattawa za su zauna ran Lahadi bayan sujada, an kuma aika wa dangin miji. In uwar miji ta ce tana da ƙara, za a sa Mama a horo: a karanta sunanta a gaban jama'a, a hana ta cin jibin Ubangiji, a mai da ita bencin baya inda kowa zai waiwaya ya kalle ta. Akwai kuma direban tanka a layinmu da zai tashi zuwa Fatakwal ran Litinin, kuma an riga an ce shi zai kai wa Baba labari.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne Mama ba ta musa ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce wa dattijon, "To, Baba, Allah ya kai mu," ta koma kan kekenta tana taka shi babu zare. Na tsani matan gidan nan a kwanakin, na kuma ji haushin Mama da ta ƙi buɗe baki. A raina har na fara tambayar kaina ko gaskiya ne, sai in ji kunya ta kama ni.

Kaka ta iso ta zauna, ba tatsuniya. Yara suka zo da yamma suka kewaye ta, ta ce bakinta ya yi nauyi. Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Mama, ba a namu ba kamar yadda ta saba. Wuni guda idonta yana kan surukarta, sai ka ce mai sayen akuya a kasuwa. Ta miƙa mata allura da zare ta ce ta zura mata. Mama, wadda ni nake zura mata zare a ɓoye tun bara, ta riƙe allurar nesa da fuska har hannunta ya miƙe, tana lumshe ido ɗaya, zare yana wucewa ta gefe. Kaka ta karɓe abinta. Ta aike ta ɗaki ta ɗauko gishiri, Mama ta shiga ta tsaya tsakiyar ɗaki tana kallon bango, ta fito da tsintsiya. Wata safiya kuma, a gaban mutane, Kaka ta kama haɓar Mama ta juya ta wajen rana, ta sa farce ta tsinke wani gashi guda mai kauri, ta duba shi da kyau, ta hure. Na ɗauka wulaƙanci ne. Na kuma ga ta zagaya bayan banɗaki ta daɗe a can, ta fito tana sansana yatsunta.

Ran Asabar da yamma aka yi ruwa ya ɗauke, aka kuma ɗauke wuta. Mata suka taru a rumfar girki saboda tsakar gida ta jiƙe. Ana gasa masara, ni ce mai juyawa. Mama ta ɗora tukunyar ruwan wanka ta koma can ƙarshen rumfa ta zauna ita kaɗai, tana fifita da murfin kwano. Uwar Zumunta tana kan kujerarta mai hannu tana gyaran wake. Ba mai magana da ƙarfi. Kowa ya san gobe Lahadi.

Sai Kaka ta jawo kujerarta, ta ɗauki wuƙar fere rogo, ta ce, "Na kawo baki, wa ya kawo kunne?"

Yara suka ce sun kawo. Ta ce, "Ban ji manya ba."

Anti Ladi ta yi 'yar dariya ta ce, "Mun kawo, Kaka."

Tatsuniyar wata tsohuwa ce mai kiwon kaji. Tana da wata kaza ja da ta yi shekaru tana cika mata gida da 'yan tsaki. Zakaran gidan kuwa an ba da aronsa wani gari mai nisa. Rannan sai jar kaza ta daina zuwa akurki. Zabuwa, wadda ba ta da aiki sai leƙa kwandon kowa, ta je ta samu tsohuwa ta ce, "Kazarki ba ta daina ƙwai ba. Daji take zuwa tana yi wa wani baƙon zakara. Ba ki ga yadda ta yi nauyi ba?" Tsohuwa ta ce ko tsufa ne? Zabuwa ta ce, "Wane tsufa? Ga agwagwa can, tun kafin a ƙyanƙyashe jar kaza take gidan nan, amma kullum tana kan ƙwai."

Masarar da ke hannuna ta fara ƙonewa ban sani ba. Wannan maganar Anti Ladi ce, kusan kalma da kalma, kuma duk wanda ke rumfar ya gane ta. Anti Ladi ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zani. Uwar Zumunta ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya a cikin tiren wake.

Kaka ta ci gaba. Tsohuwa ta ce kazar da take ci a gidanta tana ƙwai a daji ba ta da amfani. Ta ɗora ruwa a wuta. Ta ɗauko wuƙa. Nan Kaka ta fara wasa wuƙar hannunta a jikin dutsen murhu, a hankali, tana magana tana gogawa, tukunyar Mama kuma ta fara huci a gefenta. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Kaka, kar a yanka ta." Kaka ba ta kalle ta ba. Ta juya wajen Uwar Zumunta.

"Mama Zumunta, ke ce mai karanta Littafi. In ke ce tsohuwar nan, yaya za ki yi?"

"Kaka, ai tatsuniyar yara ce."

"Na sani. Ke na tambaya."

Uwar Zumunta ta ce, "Sai a bincika tukuna."

"Madalla. Haka tsohuwa ta yi."

Ta ce tsohuwa ta ɓoye wuƙa a bayanta ta bi jar kaza. Kaza ta tafi da sauri har bakin rumbu, ta tsaya, ta manta abin da ya kawo ta. Nan Kaka ta miƙe ta yi mana tsayuwar kaza, wuya a karkace, ido ɗaya a sama. Yara suka fashe da dariya. Kaza ta ga ƙwayar dawa a gabanta, ta kai baki ta sari ƙasa, ta sake kai baki ta sari ƙasa, sai da ta ja da baya taku uku kafin ta ga inda take. Ta je ta yi wa turmi faɗa don ya tsaya mata a hanya. Ana sanyi kowa ya takure, ita ta nemi jiƙaƙƙen yashi ta baje fukafukai tana haki, tana cewa wa ya hura wuta a garin nan. A ƙarƙashin bakinta kuma ga wani gashi guda ya fito, irin na zakara.

Yara suna ta birgima. Wasu matan ma sun toshe baki da gefen zani. Na kalli Mama. Murfin kwanon ya tsaya a hannunta, fuskarta ba dariya, tana kallon Kaka kamar wadda ake karanta wa sakamakon asibiti.

Kaka ta koma ta zauna. Ta ce tsohuwa ta bi kaza har rana ta faɗi, ba daji, ba baƙon zakara, ba ƙwai. Ta shafa haɓarta ita ma ta ji nata gashin. Sai ta ce, to, saura agwagwa. Ta je inda agwagwa take kwance ta ce, tashi in ga ƙwanki. Agwagwa ta ce ƙafarta na ciwo. Tsohuwa ta ɗaga ta. Ga abubuwa farare guda-guda, an jera su da kyau. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a jikin turmi, turmi ne ya yi ƙara. Duwatsun rafi ne. Agwagwa ta daɗe da daina ƙwai, amma tana tsoron a ce ta tsufa, shi ya sa take mirgino duwatsu tana kwanciya a kai, kowa ya wuce ya ce sannu da aiki.

Ba wanda ya yi dariya a nan, har yaran, domin sun ji muryar Kaka ta canja. Ruwan tukunya ya tafasa yana ɗaga murfi, ba wadda ta tashi ta sauke.

Yarinyar nan ta sake tambaya, "To wa aka yanka?"

"Ban sani ba," in ji Kaka. "Na baro su ruwa yana tafasa, wuƙa tana hannu, tsohuwa tana jira ta ji ko agwagwa tana da abin faɗa. Na sauke kayana nan, mai so ya ɗauka. Yara, a tafi ɗaki."

Suka tashi suna gunaguni. Na miƙe zan bi su, Kaka ta ce, "Ke zauna. Hanyar da za ki bi ce."

Kaka ba ta kalli kowa ba, ta ɗauki rogo tana ferewa. Na gane cewa ta gama nata. In Uwar Zumunta ta tashi ta shige ɗaki, shi ke nan, tatsuniya ce aka yi wa yara, gobe kuma maganar tsohuwar ƙauye ce a gefe guda, igiya a gefe guda. Uwar Zumunta kuwa ta ɗauki tirenta ta miƙe. Ta yi taku biyu, ta tsaya daidai inda Mama take zaune, ta daɗe tana kallon murfin kwanon nan da gumin da ya jiƙa wuyan rigarta.

"Daga ƙirji yake tasowa," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ya hau wuya, ya hau fuska, kamar an buɗe tukunya."

Mama ta ɗaga kai. "E, Mama."

"Sai kuma ki ji sanyi."

"E."

Uwar Zumunta ta ajiye tiren a ƙasa, ta koma kujerarta ta zauna da ƙarfi. "Tun shekarar da aka canja kuɗi rabona da al'ada," ta ce. "Ƙyalle ne kawai nake jiƙawa a famfo in shanya."

Anti Ladi ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Mama, duk watannin nan da muke gani fa?"

"Har kalanda nake dubawa don kar in yi kuskure."

Ban san wadda ta fara dariya ba. Wata ce ta yi wani sauti ta hanci, sai rumfar ta ɗauka gaba ɗaya. Uwar Zumunta ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa, ba ka iya cewa kuka take ko dariya. Kaka ta ce ai ita tun ranar da ta zagaya ta gane. "Ƙyallen da ya yi aiki ba ya ɓuya. Naki har yau furen jikinsa yana nan fes, ko sitaci bai fita ba. Na sansana, ko ƙanshin sabulu babu. Na ce wannan mata ko ƙarya ba ta iya ba."

Uwar Zumunta ta share ido ta ce ba ita ta fara maganar ba, amma da ta ji an kafa hujja da ita, sai ta rasa yadda za ta yi. In ta ce ba ciki ba ne, za a ce ta yaya ta sani. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa. Ta juya wajen Mama ta ce, "Ki yafe mini, 'yar'uwa. Na kusa kashe miki aure saboda kar a ce mini tsohuwa."

Mama kuwa, Kaka take kallo. "To ba ciwo ba ne?" ta ce. Sai a lokacin muka ji dalilin shirunta. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ciki ya kumbura mata babu ɗa a ciki, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da Mama ya gaya mata yadda abin nan yake zuwa wa mace. Ita ma da igiyar ta yi lissafi: tunda wadda ta girme ta ba ta daina ba, to nata irin ciwon uwarta ne. Ta gwammace a zarge ta da ta faɗa da bakinta cewa mutuwa za ta yi ta bar mu. Har ta fara ɗinka mini kayan makarantar sakandare da girma, don su kai ni shekaru.

Kaka ta ajiye wuƙa. "Matarmu," ta ce, "ba inda za ki. Kin gama wanki ne kawai. Ki huta, ki ci abinci, ki sayi gilashi. Gemun kuma ki bar shi, in kin tsinke biyu ne suke fitowa." Ta nuna nata. Mama ta yi dariya sau ɗaya, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na tashi na sauke tukunyar, ruwan ya kusa ƙonewa.

Washegari zaman dattawa bai yi nisa ba. Ba a bar ni na shiga ba, amma tagar ofishin fasto ba ta rufuwa, Kaka kuma ba ta iya magana a hankali. Uwar Zumunta ce ta fara, ta yi bayani dalla-dalla, tun daga igiya har ƙyalle, dattawa suna ta gyaran murya suna kallon silin. Ɗaya ya ce ya isa, sun fahimta. Aka tambayi Kaka ko dangin miji suna da ƙara. Ta ce, "Ƙarar me? Ku dube ta da kyau mana. Ido ba ya gani, ƙugu ya tafi, ga gemu. Wa zai bi wannan?" Aka rufe da addu'a da sauri. Direban tanka ya tafi Fatakwal ran Litinin da ƙullin yaji da gaisuwa. Kaka ta koma gonarta a motar farko, tana mita cewa ciyawa ta cinye mata citta saboda shirmen mutanen birni.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan a kan gulma take, zabuwa ce muguwar. Sai da na kai shekarun Mama na wancan lokaci, na fara shiga ɗaki ina tsayawa ina tambayar bango me na zo ɗauka, na fara neman gilashina yana bisa kaina, sannan na ga ashe agwagwa ce tsakiyar labarin, kuma ba muguwa ba ce. Tsoro take ji, irin wanda ni ma na ji ranar da gumi ya keto mini a gaban ɗalibaina na ce musu fanka ce ba ta aiki, alhali tana juyawa a kaina. Abin dariya ne, na yarda, ni ma ina yi wa kaina. Amma na ga yadda 'yar ƙaramar kunyar mace ɗaya ta kusa rushe gidan wata, don haka yanzu in ƙananan malamai mata suka tambaye ni me ya same ni, gaya musu nake yi tiryan-tiryan, har su gaji su gudu.

Mama tana nan da ranta, ta tsufa tsufa na gaske, a wajen yayana take a Unguwar Boro. Kwanan baya na je na same ta a baranda, na tayar da zancen. Na ce a duk abin nan, me ya fi yi mata zafi?

Ba ta yi tunani ba. "Wa zai bi wannan," ta ce. "A gaban fasto. Ni da nake da masu tsayawa a bakin kekena suna kawo wandon da bai yage ba. Har yau ban yafe wa kakarki wannan ba, Allah ya ba ta hutawa."

Muka yi dariya har ta fara tari. Da ta lafa, sai na yi tambayar da na riƙe tun ina yarinya, wadda ban iya yi ba sai da Baba ya rasu. Na ce, da direban nan ya kai labarin yadda aka shirya, Baba zai yarda?

Ta kalli titi.

"Na zauna da babanki shekara da shekaru bayan nan, lafiya lau," ta ce. "Ban sani ba, Rahila. Kakarki ta bar gonarta ta zo don kar in sani."